Zubin Dole da Ƙa'idar Ɗagawa Kafin Fulof a Foka Marar Iyaka

Sunan wasan ne ke fara yaudarar sabon shiga. Ya ji an ce foka marar iyaka, wato wasan karta da ake zuba kwabbai a kansa, sai ya ɗauka duk abin da ya ga dama zai jefa tsakiyar tebur, a kuma lokacin da ya ga dama. Rashin iyakar nan ta sama ce kawai: kana iya tura duk kwabban wasan da ke gabanka a tashi ɗaya. Ta ƙasa kuwa akwai mudu, kuma mudun shi ne babban zubin dole, kwabban da tilas mutum ɗaya ya ajiye kafin a raba katuna. Da shi ake auna mafi ƙarancin abin da za ka shiga da shi, da mafi ƙarancin ɗagawa, da zurfin tarin kwabbanka, har da tsawon lokacin da gasa za ta ci. Yawancin gardamar da ake kiran alƙalin ɗaki a kanta kafin a buɗe katuna ukun tsakiya, waɗanda ake kira fulof, daga wannan mudun take tasowa.

Bayanin nan a kan nau'in foka da ake kira Holdem ɗin Teksas ne, yadda ake buga shi a ɗakunan Las Vegas da gasannin da ke bin dokokin Tournament Directors Association, ƙungiyar masu shirya gasa da Matt Savage, Linda Johnson, Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001. Hukuncin caca da kuɗi a Musulunci sananne ne, ba sai an tsaya a kansa ba. Ƙa'idojin dai ba sa canzawa ko da kwabban roba marasa daraja ake bugawa, ko a manhajar waya ta kyauta, ko kuwa kallon gasa kawai mutum yake yi a YouTube yana son ya gane abin da ke gudana.

Maɓalli da maƙwabtansa biyu

Akwai wani farin faifai da ke yawo a kan tebur, maɓalli. Duk rabo yana matsawa kujera ɗaya zuwa hagu, yadda hannun agogo ke tafiya. Wanda ke hagun maɓalli shi ke yin ƙaramin zubi, na hagunsa kuma ya yi babban zubi, dukansu tun ba su ga katinsu ba. Shi ya sa 'yan wasa ke ce wa zubin bilayin, wato na makanta. Dalilinsa a fili yake: in babu komai a tukunya, wato kwabban da ake tarawa a tsakiyar tebur, babu abin da za a yi faɗa a kai, kowa sai ya naɗe hannu ya jira as biyu, katunan da suka fi kowanne ƙarfi.

Idan an rubuta 100/200, ƙarami 100 ne, babba 200. Amma ba dole ba ne ƙarami ya zama rabin babba. A teburan kuɗi na Amurka, inda ake buga kuɗi kai tsaye ba gasa ba, ana samun dala 1/2, dala 1/3, dala 2/5 da dala 5/10. Bambancin yana da tasiri ga mai ƙaramin zubi: a 1/2 dala ɗaya zai cika ya shiga, a 1/3 dala biyu, a 2/5 dala uku. Wanda ya saba cikawa da kowane tarkace a 1/2 ya kawo ɗabi'ar 2/5, a hankali zai ga tarinsa na zagwanyewa bai san inda ya tafi ba.

Rabon katuna daga mai ƙaramin zubi yake farawa, ya ƙare a kan mai maɓalli. Magana kuwa, kafin fulof, tana farawa ne daga wanda ke hagun babban zubi, kujerar da ake yi wa laƙabi da ƙarƙashin bindiga. Zaɓinsa uku ne: ya janye, ya amsa 200, ko ya ɗaga. Ba shi da damar wucewa ba tare da zuba komai ba, domin babban zubi ƙalubale ne da ke gabansa. Haka za a bi har a zo kan mai ƙaramin zubi, sannan mai babba a ƙarshe. In babu wanda ya ɗaga, mai babban zubi yana da haƙƙin ya wuce ko ya ɗaga, ko da yake kowa ya riga ya daidaita da shi. Zubinsa rayayye ne. Mai rabon da ya yi gaggawa ya buɗe fulof bai tambaye shi ba ya yi kuskure, kuma katunan nan uku sai sun koma cikin ragowar karta an sake gaurayawa bayan an kammala maganar. Bayan fulof tsari ya juya: na farkon da ya rage a hagun maɓalli ne ke fara magana, mai maɓalli ya rufe.

In mutum biyu suka rage, abin da ke rikita mutane ke nan. Mai maɓalli shi ne mai ƙaramin zubi. Shi ke fara magana kafin fulof, shi ke rufewa bayansa, kuma katin farko na ɗaya abokin ne. Teburan gida da yawa suna juya wannan, su ba mai maɓalli babban zubi, sai ya zama mutum ɗaya ne ke magana a ƙarshe daga farkon rabo har ƙarshensa. Lokacin da ake sauka daga mutum uku zuwa biyu, ana gyara maɓalli yadda babu wanda zai yi babban zubi sau biyu a jere.

Jimla daban, ƙari daban

A nan ne ya kamata a zauna sosai. Ƙa'idar ita ce: duk ɗagawa dole ta kai aƙalla girman zubi ko ɗagawa mafi girma da aka yi a wannan zangon. Abin da ake aunawa shi ne ƙarin, wato tazarar da ke tsakanin tsohon adadi da sabo. Jimlar da ke gaban mutum ba ita ake ninkawa ba.

A 100/200, ɗagawar farko mafi ƙanƙanta ita ce zuwa 400, 200 a kan 200. To a ce mai kujera ta 4 ya ɗaga zuwa 600. Ƙarinsa 400 ne. Wanda ke son sake ɗagawa mafi ƙarancinsa 1,000, wato 600 da 400. Da yawa za su rantse cewa 1,200 ne, domin sun ji an ce ninki biyu. Ninki biyun ya yi daidai ne a ɗagawar farko kaɗai, inda zubi da ƙari suka zo ɗaya. In kuma mai kujera ta 6 ya haura zuwa 1,800, ƙarinsa 1,200 ne, sai sabon mafi ƙaranci ya zama 3,000. Akwai ɗakunan da ke da tasu dokar ta gida mai cewa a ninka jimla, saboda haka baƙo ya tambaya kafin ya zauna, amma a gasannin da ke bin dokokin ƙungiyar nan lissafin ƙari ake yi.

Mai tura duka shi kaɗai ne aka yafe wa wannan. In abin da ke gabansa bai kai cikakkiyar ɗagawa ba, yana da damar turawa. Tambayar ita ce, me turawarsa ta buɗe wa sauran?

A 100/200 ɗin dai. Kujera ta 4 ta ɗaga zuwa 600, ta 5 ta amsa, ta 6 ta tura duka 900. Ƙarin 300 ne, bai kai 400 ba. Mai kujera ta 7, wanda bai yi magana ba tukuna, duk ƙofofi a buɗe suke gare shi: ya janye, ya amsa 900, ko ya ɗaga, kuma mafi ƙarancinsa 1,300 ne, wato 900 da cikakken ƙarin 400 na baya. Idan ya amsa kawai, magana ta dawo kan kujera ta 4, to shi ba shi da damar sake ɗagawa. Ko dai ya cika 300 ko ya janye. Haka ma ta 5. Guntuwar turawa ba ta sake buɗe ƙofa ga wanda ya riga ya yi magana.

Hikimar ba ta da wuyar gani. Da ana barin ta buɗe, mai kujera ta 5 da ya amsa 600 da zuciya ɗaya zai tsinci kansa a tsakiya, kamar karan da ke tsakanin turmi da taɓarya: ɗan ƙarin 300 ya ba na 4 damar dawo masa da 5,000. Gwanaye suna lissafa wannan tun kafin su ɗaga. In mai ƙaramin tari da ke bayanka yana da 1,100, ɗagawa zuwa 600 ta bar maka ƙofa, domin turawarsa za ta zama ƙarin 500, ta wuce 400. Ɗagawa zuwa 700 kuwa ta rufe maka, domin ƙarinka ya zama 500, nasa 400.

Sai kuma inda guntaye suka taru. Ta 4 ta ɗaga zuwa 600, ta 5 ta tura duka 850, ta 6 ta tura duka 1,050, ta 7 ta amsa. Babu ɗaya cikin turawar biyu da ta cika ita kaɗai. Amma da magana ta dawo kan ta 4, abin da ke gabansa ƙarin 450 ne a kan 600 ɗinsa, ya haura 400, saboda haka ƙofa ta buɗe masa. Abin dubawa kullum shi ne: daga lokacin da mutum ya yi maganarsa ta ƙarshe, nawa aka ɗora a kansa?

Mai tura duka yana cin abin da ya yi daidai da nasa ne kawai daga kowane mutum. Mai 900 da abokan karawa biyu masu 5,000 kowanne: babbar tukunya 2,700 ce da zubin waɗanda suka janye, sauran 8,200 tukunyar gefe ce, ba ruwansa da ita ko da shi ke da hannu mafi ƙarfi. Ba a kuma shiga aljihu a tsakiyar rabo. Abin da ke kan tebur lokacin da aka fara shi ne abin wasa.

Baki da hannu

Rabin hukuncin da ke ƙona wa sababbi rai a kan tebur na gaske ba ya faruwa a waya, domin a waya manhaja ce ke hana ka kuskure. A tebur kuwa, abin da ka furta a kan layinka ya ɗaure ka, kuma abin da ka tura shiru akwai yadda ake fassara shi.

Kwabo ɗaya babba da aka jefa shiru a gaban zubi amsawa ce. A 100/200 ka jefa kwabon 1,000 ba ka ce komai ba, ka amsa 200, za a ba ka canjin 800. Ba a duba abin da ke ranka. In ka ce ka ɗaga kafin kwabon ya taɓa tebur, ba ka faɗi adadi ba, to ɗagawa ce zuwa 1,000 cif. Mutane da yawa sun zauna da sarki biyu a hannu suna kallon mutum biyar sun shigo da arha saboda wannan shirun.

In kwabbai sun fi ɗaya, ana yin gwaji: a cire mafi ƙanƙanta guda ɗaya, in abin da ya rage bai kai amsawa ba, to amsawa ce. A 200/400 an ɗaga zuwa 1,200, ka tura kwabon 1,000 guda biyu shiru. A cire ɗaya saura 1,000, bai kai 1,200 ba. Ka amsa ke nan, duk da cewa 2,000 daidai take da mafi ƙarancin ɗagawa. Idan kuwa ba duka ake buƙata ba, sai a koma dokar rabi. Ƙarin da aka yi 800 ne, rabinsa 400. Ka tura 1,700 cikin kwabbai huɗu, 1,000 da 500 da 100 biyu: abin da ya haura 500 ne, ya kai rabi, dole ka cika zuwa 2,000 ko ba ka so. Ka tura 1,500 cikin kwabon 1,000 da 100 biyar: haurin 300 ne, bai kai rabi ba, za a mayar maka da shi a ce ka amsa.

Akwai kuma zubi mai jela, inda mutum zai tura wani kaso, ya koma tarinsa ya ɗebo ƙari. Ba a yarda da shi ba, na farkon kaɗai ake lissafawa, domin tsakanin turawar farko da ta biyu mutum na iya karanta fuskar abokin karawa. Abin da ake gani a fina-finai, mutum ya ce na amsa, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce kuma na ƙara, a ɗaki na gaske ya tsaya a kan na amsa. Hanya biyu ce lafiyayya: ka faɗi cikakkiyar jimla kafin ka taɓa kwabbai, ko ka tura duka a motsi ɗaya. Ka kuma faɗi lambar a cike. Wanda ya ce "biyar" a 200/400 ya bar wa alƙali ya zaɓa masa tsakanin 500 da 5,000.

Magana kafin layi ya zo kanka ita ma tana ɗaurewa, muddin waɗanda ka tsallake ba su canza yanayi ba. In sun janye ko sun amsa, maganarka na nan. In ɗayansu ya ɗaga, ka samu 'yanci ka sake zaɓi. Janyewa dai ba ta dawowa.

Kuskuren rabo, kamar a fara ba wanda bai dace ba ko katuna biyu su buɗe a hannun mai rabo, ana gyara shi ne ta sake rabawa, amma kafin wasa ya yi nisa. Nisa a nan yana da ma'auni: magana biyu a kan layi waɗanda aƙalla ɗaya ta sa kwabbai a tukunya, ko kowace irin magana uku. Zubin dole ba ya cikin lissafin.

In kujera ta zama wayam

Gasa tana amfani da tsarin mataccen maɓalli. Tushensa ɗaya ne: babban zubi ba ya tsallake kowa, sauran su bi bayansa duk yadda ta kama. A ce maɓalli na kujera ta 1, ƙarami na ta 2, babba na ta 3. Idan mai ƙaramin zubi ya fita, rabo na gaba ta 4 ce babba, ta 3 ƙarami, maɓalli ya zauna a kujera ta 2 da babu kowa, sai mai ta 1 ya sake morar magana ta ƙarshe. Idan mai babban zubi ne ya fita, ta 4 ta yi babba, babu ƙaramin zubi a wannan rabon, maɓalli ya koma ta 2. A rabon da ke biye ta 5 babba, ta 4 ƙarami, maɓalli a kujera ta 3 wayam. Wani zai ci gajiyar maɓalli sau biyu, gaskiya ne, amma wannan ya fi sauƙi a kan wani ya kuɓuce wa babban zubi a lokacin da zubin ya kai kashi ɗaya cikin biyar na tarinsa.

A gasa, ko ka tashi ana raba maka kati ana cire zubinka. A teburin kuɗi kuwa, wanda ya tashi zubi ya wuce shi yana da zaɓi in ya dawo: ya jira babban zubi ya zagayo kansa, ko ya biya duka biyun nan take. Babban rayayye ne, yana gabansa a matsayin shigarsa. Ƙaramin matacce ne, tsakiya yake tafiya. A dala 2/5 zai ajiye 7, amma 5 kaɗai ake lissafa masa. Wasu ɗakunan suna barin mutum ya sayi maɓalli: ya zauna a matsayin ƙaramin zubi ya biya duka biyun shi kaɗai, rabo na gaba maɓalli nasa.

Teburin kuɗi na da wasu al'adu biyu da gasa ba ta yarda da su ba. Ɗaya ita ce in kowa ya janye saura masu zubi biyu, su yarda kowa ya ɗauki nasa a wuce. Ladabin shi ne in kana yi ka riƙa yi kullum, kada ka leƙa katinka tukuna ka zaɓa. Ɗayar ita ce sitradil, zubi na uku na ganin dama, wanda na ƙarƙashin bindiga ke yi kafin rabo, galibi ninkin babban zubi. A dala 1/2 zai ajiye 4, magana ta fara daga hagunsa, shi ya rufe. Yawancin ɗakuna na ɗaukar 4 ɗin a matsayin sabon babban zubi, sai mafi ƙarancin ɗagawa ya zama 8. Abin da mutane ba sa lura da shi: mai dala 200 yana da ninkin babban zubi sau 100 a gabansa, da sitradil ya koma 50. Wasan ya canza kama, ƙananan tagwaye da katuna masu bin juna sun rage daraja. A ganina, ga mai yin sa daga wannan kujera, asara ce tsagwaronta, ninkin kuɗi da hannun da bai gani ba daga wuri mara kyau. Amfaninsa kawai ya motsa teburin da ya yi sanyi.

Anti, da abin da take yi wa lissafi

Anti, ba ta gidan kawu ba, ƙaramin zubi ne matacce da ake ƙarawa a tukunya. A tsohon tsari kowa ke bayarwa duk rabo: a 400/800, mutum tara kowa 100, jimla 900. Matsalar ita ce ɓata lokaci, mai rabo na bin kowa yana canji, ana musun wa ya bayar wa bai bayar ba. Sai aka koma tsarin da mai babban zubi ke biya wa kowa a tashi ɗaya, daidai girman babban zubin, wato 800 a misalin nan. World Series of Poker, jerin manyan gasannin foka na shekara-shekara, ta mayar da gasanninta na Holdem marar iyaka kan wannan tsari a 2019.

Anti ba ta shiga lissafin amsawa ko ɗagawa. A 400/800 da anti 800, amsawa 800 ce, mafi ƙarancin ɗagawa 1,600. Amma tana canza farashin komai. Ba anti, tukunya babban zubi ɗaya da rabi ce. Wanda ya ɗaga zuwa biyu da rabi don ya kwashe ta yana buƙatar kowa ya janye sau 62.5 cikin 100 kafin ya mayar da kuɗinsa, in an ajiye ƙarfin katinsa gefe. Da anti, tukunya biyu da rabi ce, ɗagawa zuwa 2.2 tana buƙatar kusan 47 cikin 100 kawai. Shi ya sa a gasa za ka ga ɗagawa ƙanana kuma a kai a kai. Shi ma mai babban zubi farashinsa ya faɗi: zai ƙara 1.2 ya nemi tukunyar da za ta zama 5.9, wato kusan kashi 20 cikin 100 yake buƙata, alhali ba anti, a gaban ɗagawar 2.5, kusan 27 ne. Wanda ke yawan janyewa daga babban zubi a gasa mai anti kyauta yake rabawa.

In kwabban mai babban zubi ba su kai ba, sauran dole su amsa cikakken adadi. Yana da 700 a 400/800, shiga 800 ce, ɗagawa 1,600. Amma wanne zai fara biya, zubi ko anti? Ɗakuna sun saɓa, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. In anti ce farko, 700 ɗin duka ta tafi can, ko ya ci nasa kawai zai dawo masa. In zubi ne farko, kamar yadda World Series ke yi, mutum biyu suka amsa, mai ƙaramin zubi ya janye, to 2,500 yake nema. Mai shirya gasa ya yanke wannan kafin a raba katin farko.

Yadda matakai ke hawa

A teburin kuɗi zubi ba ya motsi. A gasa agogo ne ke ɗaga shi, kuma abubuwa uku ne ke nuna ko tsari mai numfashi ne ko mai shaƙewa: tarin farawa in an auna shi da babban zubi, tsawon kowane mataki, da girman tsallen da ke tsakanin matakai. Yawan kwabbai shi kaɗai ba ya nuna komai. 50,000 a 500/1,000 ya fi 10,000 a 50/100 ƙaranci da rabi.

Babbar gasar World Series, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne tun 1972, ita ce misalin mai numfashi. A 2023, da mutum 10,043 suka shiga, kowa ya fara da 60,000 a 100/200 da anti 200, wato ninkin babban zubi sau 300, kowane mataki awa biyu. Zagaye ɗaya na tebur 500 yake ci, saboda haka mutum zai iya zagaye 120 bai buga komai ba in zubi bai motsa ba. Wannan lissafi, tari a raba da kuɗin zagaye, shi ake kira M, daga sunan ɗan wasa Paul Magriel, kuma ɗan wasa Dan Harrington ne ya yaɗa shi. A tebur na gaske ana raba kusan hannu 30 a awa. Matakin awa biyu hannu 60 ne, matakin minti 20 kuwa hannu goma, zagaye ɗaya da ɗoriya. Ma'ana duk lokacin da babban zubi ya dawo kanka ya riga ya ƙaru.

Ga mai shirya ƙaramar gasa, daga ƙarshe ake fara lissafi. Gasa kan mutu ne a daidai lokacin da duk kwabban da ke wasa suka koma ninkin babban zubi sau 20 zuwa 30. Mutum goma kowa da 10,000, jimla 100,000, za a ƙare wajen babban zubi 4,000. In ana son awa huɗu da matakan minti 20, matakai 12 ke nan: 50/100, 75/150, 100/200, 150/300, 200/400, 300/600, 400/800, 600/1,200, 800/1,600, 1,000/2,000, 1,500/3,000, 2,000/4,000. Babu tsallen da ya wuce rabi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ninkawa duk mataki, 100, 200, 400, 800, 1,600. A mataki na biyar wanda bai ci ba bai yi asara ba ya koma babban zubi shida da 'yan kai, babu sauran wasa sai tura duka da addu'a.

Tarin 10,000 ya rabu haka: 25 guda takwas, 100 guda takwas, 500 guda huɗu, 1,000 guda bakwai, kwabbai 27 ga kowa. Bayan 150/300 babu sauran aikin 25, sai a canje su. Bayan 800/1,600 a cire 100. Abin da ya yi saura bai cika kwabo ba, ana raba kati ɗaya a kan kowane guntun kwabo, masu manyan katuna su karɓi sababbin, babu mai karɓar fiye da ɗaya, kuma ba a fitar da mutum daga gasa ta wannan hanya. In guntun nan ne kaɗai ya rage masa, ana ba shi kwabo ɗaya na mafi ƙanƙanta da ke wasa.

Idan agogo ya buga a tsakiyar rabo, tsohon zubi ne ke aiki har a gama. Sabon mataki na rabo mai zuwa ne, kuma rabo yana farawa ne daga gaurayawar farko da mai rabo ya yi wa karta, ko daga danna na'urar gaurayawa in da ita ake aiki. Mai babban zubin da ya ji ƙararrawa bayan an fara gauraya, 800 zai ajiye, ba 1,200 ba.